Jan Tauraro a Gurbin Lambar Waya

Shafi na 17

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaban? ina ci gaban?", Allah Ya ba ku haƙuri. Mutum mai shekara kusan hamsin, da hawan jini, da yatsa ɗaya na rubutu, ba a yi masa gaggawa.

Ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna Sista ta shigo ofishina ba sallama. Ta mai da ƙofa, ta jingina da ita.

Ga waɗanda suka same mu a hanya, ofishin nawa a da sito ne. Ba taga. Ranar da aka ɗauke ni aikin bibiya da tantancewa, shekara tara ke nan, aka fitar da tsintsiyoyi da bokitai aka shigar da ni. Aikina ƙirga: mata nawa suka zo asibitocinmu neman tazarar haihuwa, nawa suka dawo, maza nawa suka zauna bita suka gyaɗa kai. In jera a takarda, in aika wa masu ba mu tallafi. Shi ya sa ake ce min Malam Lissafi. Har matata, in ta ji haushi.

Sista kuwa ita ce babbar ungozoma a asibitinmu da ya fi kowanne cika. Ta girme ni da shekara goma, kuma ba ta taɓa bari na manta ba.

Ta ajiye wata takarda a teburina. Sanarwar da na aika wa asibitoci jiya ce. A ciki na ce yau da ƙarfe ɗaya na rana, Baƙuwar da masu tallafi suka turo ta duba aikinmu za ta saki saƙon tes zuwa lambar kowace mace da ke rajistarmu, a ji ko ta gamsu.

"Ƙanena, karanta min saƙon da za a aika."

Na gyara zama. Saƙon nan ni na tsara shi, kwana uku ina gogewa ina sakewa. Ya fara da sunan mace, don mutum ya fi amsawa in ya ga sunansa. Sai ya gode mata da zuwa asibiti ranar kaza, ya ambaci abin da aka ba ta, ko allura, ko ƙwaya, ko ashanar da ake sawa a dantse. Ya rufe da cewa ta danna ɗaya in ta gamsu, biyu in ba ta gamsu ba. Na karanta shi da muryar da nake karanta sakamakon jarrabawar yarana in sun ci.

"Wayar wa zai shiga?"

"Tasu."

"Su wa?"

"Matan mana, Sista."

Ta yi min irin kallon da take yi wa ɗalibar da ta riƙe allura a juye.

"Mace nawa ka taɓa gani a layina da waya a hannu?"

Gaskiya ni in na je asibiti rajista nake kallo. Layin yana bayana.

Ta ja kujerar baƙi ta zauna, ta fara warware min abin a hankali, kamar mai yi wa mara lafiya bayanin cutar da ya jawo wa kansa. Ta ce bara, da na raba musu tabulet maimakon littafi, na sa jan tauraro a gurbin lambar waya. Ma'anar tauraron nan, in ba a cika gurbin ba fom ba ya wucewa gaba. Mace na zaune, sittin na jira a waje, na'ura ta ƙi motsi. Sai a tambaye ta ko akwai wata lamba da ta haddace. Mace kuwa lamba ɗaya ta haddace a duniya, ta maigida.

Na ce ai da sun sa wata lambar, ko ta wace ce.

Ta ce sun yi. Wata biyu tana zuba tata lambar, ita da sauran ma'aikata. Sai na lura lamba ɗaya ta fito sau ɗari da tara, na kira wannan "rashin tsaftar bayanai", na gyara fom ya daina karɓar lambar da aka taɓa sawa.

Na tuna. Har shayi na saya wa kaina ranar.

Na ce to me ya sa ba wanda ya faɗa min.

"Na faɗa maka a bita, gaban mutum arba'in. Ka rubuta a takardar bango, ƙarƙashin ƙalubale. Ka sa aka tafa min."

Wannan ma na tuna. Bayan tafin aka tafi hutun rabin awa, takardar kuma tana nan a naɗe a bayan kabad ɗina, tare da 'yan uwanta.

A bangon da ke bayan Sista akwai allon yabo da masu tallafi suka ba ni: ofishin da ya fi kowanne cika bayanai, kashi ɗari bisa ɗari. Na rataye shi daidai inda duk mai shigowa zai gani. Yau na ga aibin wurin, domin ni ma ina gani.

Na tambaye ta mata nawa muke magana a kai. Ta ce da yawa mazansu sun sani, wasu ma su suke rako su. Amma a asibitinta kaɗai, waɗanda ta tabbata a ɓoye suke zuwa sun haura ɗari uku. Akwai mai zuwa da kwandon cefane don a ɗauka kasuwa ta je. Akwai mai barin katinta a aljihun Sista, don kar a gan shi a gida. Akwai wadda ta roƙi a sa mata ashanar can sama, inda hannun riga ke rufewa ko da tana wanki.

"Na rantse musu ba mai ji," in ji ta. "Da bakina."

Na buɗe rajistar a kwamfuta, wai ko zan ga abin bai kai yadda take faɗa ba. Halin mai lissafi ke nan, in gida ya kama da wuta sai ya fara ƙirga tagogi. Ina gangarawa ina kallon lambobi, dubu huɗu da wani abu, duk gurbi a cike, gwanin sha'awa. Sai idona ya tsaya a kan wata.

Lambar nan ba sai na duba wayata ba. Kullum da safe ita nake kira in ce ina bakin titi.

Lambar Birki ce, direban ofishinmu.

Na kalli sunan da ke gefenta. Na kalli abin da aka rubuta: ashana, wata bakwai da suka wuce. Na ɗago na dubi Sista. Ta kau da kai, na gane tun daga gida da wannan ta taho.

Birki abokina ne, in ana abota tsakanin mai tuƙi da mai barci a kujerar gaba. 'Ya'yansa bakwai. A haihuwar ta ƙarshe matarsa ta zubar da jini har aka fitar da rai, ni da kaina na ba da jini leda ɗaya, na kuma suma a kan benci, abin da har yau yake ba mutane labari. Likita ya ce kar ta ƙara. Birki ya ce likita ba shi ke rayawa ba. Shekara tara yana dakon kwalayen maganin nan daga sito zuwa asibitoci, yana ɗaure su da igiya da kyau kar su jiƙe, amma ya sha gaya min a hanya cewa wannan kayan matan wasu ne. Ya ce duk ranar da mace ta yi masa haka a bayan idonsa, to ta haɗa kayanta, ko da ita ta haifi duk unguwar.

A rahotona kuwa Birki yana cikin mazan da suka sauya tunani. Sau uku ya zauna bitarmu ta zaman daidaito tsakanin mata da maza, saboda a ɗakin akwai sanyi, a mota babu. Na ƙirga shi sau uku.

Agogo ya ce sha biyu saura kwata.

Na miƙe. Ƙofar ofishina tana da hali, sai an ɗaga ta sama an ja. Na ja, ta ƙi. Sista ta ture ni gefe ta buɗe da hannu ɗaya.

Madam, shugabar ofishinmu, tana ɗakin taro da Baƙuwa tun safe. Na leƙa na yi mata alama. Ta yi murmushin da take yi gaban baƙi, wanda ke nufin za mu haɗu daga baya. Na sake yin alama. Ta fito.

A tsaye a lungun da ke tsakanin banɗaki da injin kwafi na gaya mata komai, da raɗa. Tana ji fuskarta na sauyawa.

Ta ce a cire wayar intanet. Na ce saƙon ba daga nan zai tashi ba, na'urar tana wata ƙasa, an riga an ɗora mata lokaci.

Ta ce to in shiga in goge lambobin. Na ce an kulle rajistar tun shekaranjiya. Ƙa'ida ta shida: da zarar an kulle, ba wanda zai iya taɓawa a ofishin nan, har ni. Ta tambayi wane mara aikin yi ne ya kawo wannan ƙa'ida. Na dubi injin kwafi.

Na ce Baƙuwa kaɗai ke da ikon tsayarwa, kuma sai da rubutaccen dalili.

Madam ta jingina da bango ta rufe ido.

"Ka san abin da rubutaccen dalili yake nufi?"

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Faɗa min in ji."

"Za a dakatar da mu a yi bincike."

"Mutum arba'in da ɗaya ke cin abinci a nan. Kai ne na farkon fita, ni ta biyu."

Ta ce ko za a bari ya tafi, tunda yawancin mutane ba sa karanta irin wannan saƙo, suna ɗauka talla ce. Ba da mugunta ta faɗa ba. Ta faɗa ne kamar mai taɓa ƙofa ta ji ko a buɗe take. Ni ma, kar in yi muku ƙarya, na taɓa wannan ƙofar a zuciyata tun kafin ita. Har na fara lissafin kashi nawa ne ke buɗe tes.

Sista na tsaye a bayana. Ta ce da sunan matar mutum a farkon layi, ko makaho sai ya nemi mai karanta masa. Ta ce ita dai in ƙarfe ɗaya ta buga ba a tsayar ba, za ta ajiye farar rigarta a teburin Madam, don ba za ta iya zama a asibiti gobe ta jira su zo da kumburarren ido suna tambayarta ba.

Gaba kura, baya sayaki, a tsakiya kuma ga Malam Lissafi da tumbinsa.

Madam ta buɗe ido.

"Ba zan hana ka ba. Amma bakinka ne zai faɗa, tunda tauraronka ne."

Muka shiga.

Ɗakin taronmu labulensa kullum a sauke, saboda majigi. A jikin bango ga shafin da na shirya tun makon jiya, harafi manya: kashi ɗari bisa ɗari. Baƙuwa na zaune a ƙarƙashinsa, dattijuwa mai furfura da tabarau a kan hanci, mai yawan godiya. Tun zuwanta take yabona. Jiya ma ta ce za ta kai fom ɗina wasu ƙasashe su koya.

Na tsaya a gabanta kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Na fara da "akwai ɗan ƙaramin ƙalubale". Sista ta yi gyaran murya. Na bar ƙalubale na faɗi gaskiya: lambobin da ke rajistar nan yawancinsu na mazaje ne, kuma ɗaruruwan matan ba da sanin mazansu suke zuwa ba.

Baƙuwa ta cire tabarau. Ta ce ba ta gane ba, domin a fom akwai tambaya ko mace ta yarda a tuntuɓe ta a wannan lamba, kuma duka dubu huɗun sun ce e. Ta ce wannan ne ma ya sa ta amince da aika saƙon.

Nan ne na so ƙasa ta tsage.

Na ce gurbin yana zuwa ne da e a ciki, sai in an canza. Na auna na ga yin tambayar yana cin daƙiƙa goma sha ɗaya a kan kowace mace, sai na sauƙaƙa wa ma'aikata.

"Daƙiƙa goma sha ɗaya," in ji Baƙuwa.

"E."

"Ka auna."

"Da agogo."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na fi jin daɗi. Ta tura min farar takarda da biro, ta ce in rubuta abin da na faɗa, in sa hannu da kwanan wata. Ita kuma ta jawo kwamfutarta.

Na rubuta. Shekara tara ina rubuta rahoto mai shafi tamanin, ashe abin da na yi bai wuce layi biyar ba. Na sa hannu. Madam ta sa a ƙasan nawa, ba ta dube ni ba.

Intanet ɗinmu ya zaɓi wannan lokacin ya yi nauyi. Mu huɗu muka zuba wa wani ɗan da'ira ido yana juyawa. Sha biyu da rabi. Sha biyu da minti talatin da huɗu. Ina jin bugun zuciyata a kunne, na tuna ban sha maganin safe ba.

Baƙuwa ta danna wani abu, ta sake dannawa.

"An tsayar."

Sista ta sauke numfashi ta zauna a kujerar da ta fi kusa. Madam ta ce alhamdu lillahi a hankali. Ni kuwa na ji wani sanyi ya ratsa ni, irin na wanda aka kora daga aiki amma aka ce ya tafi da kujerarsa.

Sai na ga Baƙuwa ba ta rufe kwamfutar ba. Tana kallon allon, tana murza goshi.

Ta ce na ƙarfe ɗaya ne aka tsayar. Ta buɗo littafin ƙa'idojina, wanda na yi masa bango mai kyau, ta juya zuwa ƙa'ida ta tara ta karanta: awa ɗaya kafin a saki saƙo ga kowa, na'ura za ta zaɓi mutum hamsin barkatai ta aika musu, don a tabbatar saƙon yana isa.

"Ya isa," ta ce. "Tun sha biyu. Arba'in da bakwai sun shiga."

Majigi na ta hurawa.

Sista ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta ce a fitar mata da sunayen hamsin ɗin yanzu. Ta san gidajen yawancinsu, mazan suna wurin aiki, in ta riga su isa gida ko ba komai matan za su san abin da ke tafe, wadda za ta tafi gidan 'yan uwanta ta tafi. Baƙuwa ta tura wa injin bugawa. Madam ta ce tafiyar nan ba ta ƙafa ba ce, ta ɗaga waya ta ce wa mai gadi ya turo direba ɗakin taro maza.

Na buɗe baki in ce kar a kira shi. To in ce saboda me? Madam ba ta sani ba. Sirrin da ya rage ke nan a ginin, ni da Sista muke riƙe da shi. Muka haɗa ido, ta girgiza min kai kaɗan.

Takardar ta fito, shafi biyu. Na riga kowa ɗauka. Na sa yatsa ina bin lambobin ɗaya bayan ɗaya. Hamsin cikin dubu huɗu, na ce wa kaina, ai da wuya. Na ma lissafa, bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Lissafi bai taɓa yi min daɗi kamar lokacin ba. Na gama shafin farko, babu. Na juya.

Ina kan ta talatin da ɗaya aka ƙwanƙwasa.

Birki ya shigo da makullin mota a yatsa, ya gaida Madam, ya rusuna wa Baƙuwa, ya tsokani Sista cewa yau kuma wace mai naƙudar ce ta biyo ta har ofis. Madam ta ce zai kai Sista wasu gidaje, yanzu yanzu. Ya ce an gama, mota na da mai.

Har ya juya, sai ya dawo ya sa hannu a aljihu.

"Malam Lissafi, kafin mu fita, duba min wannan."

Birki bai yi makaranta ba. Alamun hanya ya san su kamar yunwar cikinsa, amma duk saƙon da ya shigo wayarsa ni yake kawo wa, na banki, na makarantar yara, har na masu cewa ya ci kyautar mota.

Na karɓi wayar. Gilashinta a tsage, amma rubutun ya fito tsaf. Ba kuskure ko ɗaya. Aikina ne.

Na shirya in ce masa 'yan kamfanin waya ne da tallarsu, ya goge kawai.

Ya riga ni.

"Kar ka ce min talla ce. Ka san ban iya karatu ba, amma akwai kalma ɗaya da na sani. Ita ta koya min da hannunta, shekarar da muka yi aure."

Ya miƙo yatsa ya ɗora a farkon layin.

"Wannan sunan uwar 'ya'yana ne."

Ya jawo kujera, ya zauna a gabana, ya ajiye makullin mota a kan tebur.

"Karanta min sauran."